Lambar da Injin Ruwa Ya Tsaya a Kanta

Kafin masu shaguna su ɗaga ƙofofinsu, kafin 'yan makaranta su cika hanya, Baba Mai Inji ya riga ya isa ɗakin injin ruwa. Haka yake yi tun gashinsa yana baƙi. Zai ciro mukulli daga igiyar da ke wuyansa, ya tallafi ƙofar da gwiwa saboda ta sauka ta gefe guda, ya rataye rigarsa a ƙusa, ya share ƙasa tas. Sai ya ɗauki tsumma ya goge injin daga sama har ƙasa, ya ɗiga masa mai a duk inda ake ɗigawa. Injin ya daɗe da mutuwa. Yaran da aka haifa a shekarar da ya tsaya yanzu suna tafiya makaranta da ƙafarsu, ba su taɓa jin ƙararsa ba. Amma Baba bai taɓa barin ƙura ta kwana a kansa ba.

Idan ya gama, sai ya durƙusa a kan siminti, ya ciro alli daga aljihu, ya rubuta lambar da yake rubutawa kowace safiya: 7,368,787. Miliyan bakwai da dubu ɗari uku da sittin da takwas da ɗari bakwai da tamanin da bakwai. Ya ja mata layi, ya fara rabawa. Abu ɗaya yake so ya sani kafin a karɓi mukullin, kafin idonsa ya ƙarasa dushewa: shin akwai wata lamba da za ta raba wannan daidai, ba tare da an bar saura ba?

A watan jiya aka sallame shi daga aiki. Ba a yi taro ba, ba a ɗauki hoto ba, ba wanda ya miƙe ya ce komai. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ko da yake ni ba marubuci ba ne. A aji huɗu karatuna ya tsaya, sauran rayuwata a kan teburin gyaran agogo na yi ta, yanzu kuwa kowa a waya yake duba lokaci. Masu karatu su yi haƙuri da rubutun tsoho. Wanda nake yi wa jinjinar ya cancanci wanda ya fi ni.

Waɗanda suka tashi a unguwar nan sun san lokacin da ake murɗa kan famfo ruwa ya zo. Ba su san cewa a bayan wannan ruwan akwai mutum ɗaya zaune a kan benci, cikin ɗaki mai warin baƙin mai, yana sauraro ba. Sauraro ne rabin aikinsa. Zai ɗora bakin sukundireba a jikin injin, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. Wani lokaci ya ce, “Lafiya lau yake.” Wani lokaci kuma ya ce, “Akwai abin da ke damunsa ta hagu, bai dai faɗa ba tukuna.” Kunnensa na dama ya mutu a wannan sauraron. Yau idan za ka yi masa magana sai ka zagaya ta ɗaya gefen.

Telan da ke bakin hanya ya ba ni labarin shekarar amai da gudawa. A tsakiyar annobar bel ɗin injin ya tsinke, aka ce sabo sai an aiko daga nesa. Mutane suka fara komawa kududdufi da jarkoki. Tela ya ce yana zaune da rana tsaka sai ga Baba ya shigo da wani tsohon bel na injin niƙa a kafaɗa, ya ce, “Ajiye wandon nan, mai shi ba zai mutu ba.” Suka yanka, suka huda da basilla, suka ɗinke da igiyar kamun kifi, hannun Baba yana jini yana gogewa a riga. Kafin la'asar ruwa ya dawo. Ɗinkin yakan tsinke, Baba ya sake ɗinkewa, haka har annobar ta wuce. Tela ya ce, “Mutum nawa wannan ɗinkin ya hana a binne, Allah kaɗai ya sani. Ni dai ban taɓa yin ɗinki mai muni kamarsa ba, ban kuma taɓa yin mai amfaninsa ba.”

Amma abin da ya ci ransa duk tsawon shekarun shi ne layin kan tudu. Injin ba shi da ƙarfin tura ruwa sama muddin layukan gangare suna sha. Ba wanda ya sa shi, ba ya cikin aikinsa, amma kullum bayan azahar zai saɓa wani dogon ƙarfe ya bi hanya, ya rufe bawul ɗin gangare na ɗan lokaci domin ruwa ya hau tudu. Mutanen gangare su zage shi don ya yanke musu. Mutanen tudu su zage shi don bai ishe su ba. Wata mai wanki da ta tsufa a kan tudun ta ce mini, “Ni ma na zage shi, wallahi. Na ce masa ya ci abin mutanen gangare. Sai ya karɓi bokitina ya je ya cika mini a gangare ya hauro da shi.” Sannan ta ce, “Ashe yana raye? Na ɗauka ya daɗe da rasuwa.”

Yana raye. Kai ne, Baba, wanda aka zaga daga sama aka zaga daga ƙasa, washegari ka sake saɓa ƙarfen. Kai ne ka ba da kunne ɗaya domin mu yi wanka.

Yadda muka saba da shi abin dariya ne. A jikin babban bututu akwai mita mai ƙananan tagogi bakwai, kowace taga da lamba a ciki. Duk lita dubu da ta wuce, tagar ƙarshe ta juya. Wata rana ina kan teburina, ina fama da wani agogon bango, sai ga mutum ya zo yana haki, ya ce, “An ce kai ne mai tara abin mamaki. Taso maza.” Gaskiya ne, ina da ɓawon ƙwai mai kai biyu da wani dutse mai rami kamar ido, mutane suna yi mini dariya a kansu. Na bi shi. Ya tsayar da ni a gaban mitar, ya ce in jira. Tagar ƙarshe ta juya, sai ga 3,456,543.

“Karanta ta daga hagu,” in ji shi. “To, karanta ta daga dama.”

Duk ɗaya ce. Muka tsaya muna kallonta kamar waɗanda baƙon tsuntsu ya sauka a gabansu. Ba ta yi minti biyu ba ta wuce, ba za ta sake dawowa ba. Tun daga ranar nake zuwa, shi kuma yana cewa, “Mai Agogo, kai da kake gyara wa mutane lokaci, kullum kai ne ƙarshen zuwa.”

Shi ma bai yi nisa a karatu ba. Zaman kaɗaici a gaban tagogin nan ne ya koya masa abin da ya sani, sunayen ma shi ya raɗa. Yakan ce lambobi kamar mutane suke, kowace da gidan da ta fito.

“Farko ka duba, cika ce ko mara. Wannan ko yaro ya sani. Sai ka nemi danginta, wato waɗanda suke raba ta ba saura. Ɗauki goma sha biyu. Tana da ɗaya, biyu, uku, huɗu, shida. Tara su, sha shida ke nan, sun fi ta yawa. Wannan mawadaciya ce, idan ta yi kuka gida zai cika. Ɗauki goma. Ɗaya, biyu, biyar, takwas ke nan, ba su kai ta ba. Matalauciya ce, irinmu.”

“Ba wadda danginta suka zo daidai da ita?”

“Akwai, amma sai ka sha wuya. Shida. Ashirin da takwas. Na yi damina guda kafin in samu ta uku, ɗari huɗu da casa'in da shida. Ranar ban iya cin abinci ba, Inna ta ɗauka zazzaɓi ne.”

Inna ita ce matarsa. Ita kuwa abin da take faɗi kullum shi ne alli ya cinye mata aljihun riguna.

Akwai kuma waɗanda yake kira masu ɗaki, wato waɗanda za ka jera kamar tayal su ba ka ɗaki mai tsawo da faɗi ɗaya, irin arba'in da tara, bakwai nan bakwai can. Akwai masu fuska biyu, irin wadda ya kira ni in gani. Sai na ƙarshe, waɗanda idan ya zo kansu yakan rage murya: marayu. Bakwai, sha uku, ɗari da ɗaya. Lambar da ba ta da kowa sai ɗaya da ita kanta. Ko nawa ka kawo su raba ta, sai an bar saura.

Injin ya mutu da rana, wata Talata in ban manta ba. Ya yi wani tari, ya yi hayaƙi, Baba ya kashe shi da hannunsa kafin ya ƙone. Manya suka zo da mota suka duba, suka ce za a aiko da kayan gyara. Wata ya wuce, shekara ta wuce. Masu hali suka haƙa rijiyar burtsatse a gidajensu, marasa hali suka koma sayen jarka. Aka bar Baba yana gadin gawa. Mitar kuwa ta tsaya cak a kan 7,368,787.

Na same shi wata safiya ya rubuta ta a ƙasa, ya zuba mata ido.

“Sabuwa fil aka ɗaura mitar nan a makon da na kama aiki,” in ji shi. “Sifili bakwai na tarar. Duk abin da ke nan ni na tura shi. Wannan ce rayuwata, Mai Agogo, ba ni da wata.”

“To, mawadaciya ce ko matalauciya?”

“Shi nake nema. Mara ce, biyu ba ta shiga. Tara lambobinta, arba'in da shida, uku ba ta shiga. Biyar ba ta shiga. Bakwai ta bar shida. Sha ɗaya ta bar takwas. Ka duba maƙwabciyarta ta baya, da injin ya tsaya minti ɗaya kafin nan: biyu na raba ta, uku na raba ta, tara, sha takwas, dangi kamar gidan biki. Ta gaba ma huɗu na raba ta, bakwai na raba ta. Sai ya zaɓi ta tsakiya ya mutu a kanta.”

Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce, “Ina so in san ko da ma ruwan nan yana rabuwa. Idan na samu lambar da ta raba shi daidai, to akwai yawan gidajen da za a ba kowa kasonsa ba a ƙwari kowa ba, ni ne na kasa. Idan kuwa marainiya ce, ko wa aka ba ƙarfen nan sai wani ya yi kuka.”

Na san mai ilimi zai ce wannan ba magana ba ce, ruwa ba ƙwai ba ne da ba a iya rabawa. Ni dai da na ji ta sai ta zauna mini, har yau kuma ba ta tashi ba. Mutum ya sha zagi shekara talatin da wani abu, yana so ya san ko ya cancanta.

Haka ya kama. Lamba ɗaya kowace safiya, ya raba, ya sake rabawa don kada kuskure ya shiga. Yana tsallake cika, yana tsallake masu ƙarewa da biyar da waɗanda uku ke rabawa. Idan ya gama ya rubuta inda ya tsaya a jikin injin, ya goge ta jiya, ya share ƙasa. Ba ya ajiye komai a takarda. Ranar da ya kai ɗari uku da arba'in da tara, ina nan. Lissafin yana sauka, saura tana raguwa. A ƙarshe aka bar ɗaya. Ɗaya tak. Ya zauna a ƙasa ya jingina da bututu, ya ce, “Ta leƙo ni ta koma.”

A lissafinsa, sai ya kai rabin lambar kafin ya tabbata, domin abin da ya wuce rabi ba ya raba komai. Rabin kuwa ya haura miliyan uku da rabi. Na ce masa, “Baba, ko shekarun dutse aka ba ka ba za ka kai ba.” Ya ce ya sani. Ya ce wataƙila gobe ce, wataƙila jibi, in kuma ba ta zo a hannunsa ba wani zai ɗora. Daga baya kuwa ya zaɓi wanin. 'Yarsa Auta ta auri wani malamin lissafi, mutum mai sanyi, wanda ko zama ba ya yi a kan kujera idan Baba yana wurin. Baba yakan ce, “Allah ya kawo mini magaji har gida.”

Shekaru suka tafi. Idonsa ya fara hazo, lambobin da yake rubutawa suka yi ta girma har rabawa ɗaya takan cinye rabin ɗakin. Gwiwa ta ƙi durƙuso, Inna ta ɗinka masa matashi. Ya wuce dubu uku, dubu biyar, dubu takwas. Kowace safiya saura.

Ranar da za a karɓi mukullin, da yamma, Inna da Auta da mijinta suka zo taya shi kwashe kayansa. Ba su da yawa: tabarma, buta, benci, gwangwanin alli. Ni ma ina nan. A jikin injin an rubuta 9,413, inda ya tsaya da safe. Baba ya ɗauki gwangwanin, ya miƙa wa surukinsa da hannu biyu.

“Malam, ga amana. Nan na tsaya. Idona ya ƙare, gobe kuma ba ni da ƙasar rubutu. Ɗaya a rana ta isa, ba sai ka takura kanka ba. In ka samu ina raye ka zo ka faɗa mini. In na tafi ka faɗa wa Mai Agogo, in shi ma bai makara ba.”

Malamin ya durƙusa, amma bai miƙa hannu ba. Ya kafa ido a ƙasa, gumi yana bin wuyansa.

“Karɓi mana.”

“Baba,” in ji shi, ya saci kallon Auta.

Auta ta ce, “Ka faɗa masa.”

Inna ta ce, “Auta, kama bakinki. Ɗauki butar nan mu tafi.”

“Inna, amana yake ba shi. Ya karɓa ya yi ƙarya, ko ya ƙi ya yi rashin kunya? Wanne kike so?” Ta juya ta zagaya ta gefen kunnen da ke ji, ta durƙusa, ta zaro alli ɗaya daga gwangwanin. “Baba, ba ni dangin talatin da shida.”

Ya dube ta da mamaki, amma ya amsa, domin ba a taɓa tambayarsa dangin lamba ya ƙi ba. “Biyu, uku, huɗu, shida, tara, sha biyu, sha takwas.”

“Biyu sau nawa?”

“Sha takwas.”

“Uku?”

“Sha biyu. Huɗu da tara. Shida da shida.”

Ta rubuta su biyu-biyu a ƙasa, ƙanana a hagu, manya a dama. “To, Baba, bayan shida, wa za ka tarar wanda ba ka riga ka gaisa da abokinsa ba?”

Ban gane ba a lokacin. Shi ya gane. Na ga fuskarsa lokacin da abin ya shige shi, ba na fatan in sake ganin irinta. Kowane babban ɗan uwa yana tafe ne da ƙaramin abokinsa. Idan ka bi ƙanana har ka kai inda lamba ta ninka kanta ta haura abin da kake rabawa, ba ka samu kowa ba, to babu kowa a gaba. Ba sai an je rabi ba.

A hankali ya ce, “Ina ne tsakiyar tawa?”

Sai a nan malamin ya buɗe baki, kansa a sunkuye. “Dubu biyu da ɗari bakwai da sha biyar, Baba. In ta ninka kanta ta wuce taka.”

Baba ya ɗaga kai ya dubi 9,413 a jikin injin. Ya daɗe yana dubawa.

“Ke nan na gama.”

“Ka gama, Baba. Marainiya ce.”

“Tun yaushe?”

“Tun wajen shekara ta biyu da farawa.”

“A'a. Tun yaushe ka sani?”

“Tun ranar da na fara zuwa gaishe ka a nan. Na ga ka riga ka wuce wurin. Na ji nauyi, Baba. Yaro ya zo neman aure ya ce wa uba aikinsa ya ƙare tuntuni? Na faɗa wa Auta bayan an ɗaura. Na ce ita ta san yadda za ta yi.”

“Ni kuma na faɗa wa Inna,” in ji Auta.

Inna tana tsaye da tabarma a hammata. Ba ta sunkuyar da kai ba. Ta ce, “Ni na hana su, Baban Auta. In za ka yi fushi ka yi da ni. Watannin farko da injin nan ya mutu, ka manta yadda ka koma? Ba ka ci, ba ka magana, sai kallon bango. Da ka fara rabe-raben nan sai ka dawo kana tambayar abinci tun daga ƙofa. Ni ban san marainiya ba, ban san mai dangi ba. Miji na sani.”

Auta, don ta sanyaya wa Baba, ta ciro waya ta danna, ta ce, “Baba, ka ga, ba ƙaramar lamba ba ce. In aka jera marayu tun daga biyu, taka ita ce ta dubu ɗari biyar cif.”

Ni abin ya burge ni har na matso in gani. Shi kuwa cewa ya yi, “Wa ya jera su?”

“Injuna, Baba. An daɗe.”

“Kafin in fara?”

“Kafin ka fara.”

Ya gyaɗa kai. Ya karɓi tsumma ya goge talatin da shidan da Auta ta rubuta, ya goge ta jikin injin. Da ma'aikacin ofis ya iso, Baba ya cire igiyar daga wuyansa ya ba shi, ya nuna masa yadda ake tallafar ƙofar. Mutumin ya ce ba komai, masu sayen tsohon ƙarfe za su zo cikin mako, su za su cire ta gaba ɗaya.

A hanya na matsa kusa da shi na ce, “Baba, ai ka fita. Da bakinka ka faɗa, in marainiya ce ko wa aka ba ƙarfen sai wani ya yi kuka. Ba laifinka ba ne.”

Ya yi tafiya kaɗan kafin ya ce, “Lissafi ne kawai, Mai Agogo. Mutanen tudu ba lamba suka nema ba.”

Tun daga ranar bai taɓa alli ba. Yana zaune a tsakar gida, a kan bencin da aka kwaso, hannuwansa a kan gwiwa. Na kai masa lambar da na gani a jikin wata babbar mota, mai bakwai huɗu a jere. Ya ce in kai wa surukinsa, wayarsa za ta faɗa mini kafin in zauna. Ba da ɗaci ya faɗa ba, da ya yi ɗacin ma da na fi samun sauƙi. Malamin yana zuwa kullum ya durƙusa a bakin ƙofa, Baba ya sa masa albarka, ba wanda ya ƙara tayar da maganar. Inna tana kawo abinci tana mayar da rabi.

Na rasa wanda zan ba laifi. Yaron kunya ya ji, kunyar da mu muka koya musu. Inna miji take tsaro. Auta gaskiya ta faɗa, a ranar da ba sauran hanyar ɓoye ta. Kowa ƙauna ya yi, ga kuma inda ta kai mu. Shekaran jiya na kasa haƙuri na tambaye shi, “Da sun faɗa maka tun farko fa?”

Ya ce, “Da na huta.” Can kuma, har na ɗauka ya yi barci, ya ce, “Da me zan yi da duk safiyoyin nan?”

Ni dai abin da nake da shi godiya ce, ita ma ta zo a makare.

Baba, kai ne ka riƙe ruwan unguwa guda da kunne ɗaya da basilla. Kai ne ka hau tudu da bokitin matar da ta zage ka. Kai ne ka durƙusa a kan siminti da gwiwar tsufa, ka bi lamba ɗaya da hannu har ka kai ƙarshenta, ka wuce, ba ka yi kuskure ko sau ɗaya ba. Injuna sun riga ka, na ji. Amma su ba su tura ruwan ba. Ba su san cewa a cikin miliyan bakwai ɗin nan akwai wankan jarirai da wankan gawa, da wanda aka ɗiga wa mai amai a baki ya tashi ba. Mun gode, Baba Mai Inji. Allah ya saka, ya ba ka abin da mu ba mu ba ka ba.

Ku kuma da kuke karantawa, ban ce ku ɗauki alli ba. Cewa na yi duk wanda aka ba ɗaki da mukulli ya riƙe su kamar yadda mutumin nan ya riƙe, ko ana gani ko ba a gani, ko da yake ba zan yi muku alƙawarin za a gode muku ba. Wanda kuma ya taɓa shan ruwan famfon unguwar nan, na gangare ne ko na tudu, gidan ba shi da wuyar ganewa, shi ne mai itacen lemo a ƙofa. Ba sai kun kai komai ba. Ku zauna ta hagunsa ku ce kun tuna. Ku je da safe, domin da yamma ana samun masu shiga da fita. Safiyar ce ba ya da abin da zai yi da ita.